Ranar Da Babur Ɗin Yaya Ya Durƙusa Mini

Laifina ɗan ƙarami ne: na cire tayar gaban babur ban tokare shi da komai ba.

Yaya Hamadu ne ya dawo da rana yana tura babur ɗinsa, ya ce taya ta yi faci, ga shi da la'asar zai ɗauko Goggo daga tasha. Ya shige ɗaki ya kwanta. Ni kuwa na taɓa tsayawa kallon wani bakanike a kasuwar Garwa, don haka na ɗauki sifana kamar da ita aka haife ni.

Na kwance noti, na zare sandar taya. Nan take babur ya durƙusa kamar raƙumi. Na rungume kansa, taya kuma ta gangara zaure abinta.

"Ladidi, kawo turmi in tokare, maza!"

Ƙanwata ta riƙe ƙugu. "Injiniya, daka shi za ka yi?"

Kafin ta gama dariya hannuna ya mutu, fitilar babur ta daki ƙasa ta tarwatse. Yaya ya fito ba riga. Ya dubi fitila, ya dube ni, sannan ya zagaya ya latsa ɗaya tayar. Ta lotse kamar dafaffiyar kuɓewa.

"Malam bakanike, ai ta baya ce ta yi faci."

Goggo a ƙafa ta iso gida, jaka a ka. Har yau ko cokali na ɗauka, sai wani ya ce, "Na gaba ko na baya?"