Ranar da Na Sake Aurar da Dattijo Bulus

Ni nake kula da shafin intanet na cocinmu a Jalingo. Da manhajar shafin ta fito da sabon salo, na sabunta komai a zama guda, ban ko gwada ba. Har da ɗan ɓangaren da ke tura wa membobi sanarwa a waya. Ya hau lafiya lau, na miƙe ina jinjina wa kaina.

Ashe sabon salon ya ɗauki tsofaffin sanarwa a matsayin sababbi. Ya zaɓi ta auren Dattijo Bulus da Mama Rifkatu, waɗanda yanzu 'yarsu take sakandare, ya tura wa kowa: Asabar, a gidansu da ke unguwar Barade.

Ban taɓa sanin ana karanta saƙonnina haka ba. Zumuntar mata suka iso da kulolin shinkafa. 'Yan garin Sunkani suka cika mota. Na tsaya baki buɗe, aikina ya tara jama'ar da wa'azi bai taɓa tarawa ba.

Mama Rifkatu ta fito da tsintsiya a hannu, ta dubi taron, ta dube ni.

"Ɗana, tunda ka gayyato su, ina rigar amarya?"

Har yau, in na taɓa kwamfuta a coci, sai Dattijo ya leƙo: "Yau kuma wa za ka aurar?"