Addu'ar da mutum ɗaya ya ce wa amin

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ta ƙarshen watan Afrilu ba, kuma ko da na so in manta, akwai masu tuna mini kyauta. Ranar ce na miƙe a gaban mutane kusan goma sha biyar, da babbar rigata da carbina, na ɗaga hannu na roƙa musu masifa ina zaton alheri nake roƙa musu.

Ni mutumin Kano ne. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina sayar da turare da huluna da jallabiya a titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin New York, gida kuma muna Grand Concourse a Bronx. Ƙwallo na sani, amma ta gaskiya, wadda ake bugawa da ƙafa. Wannan ta Amurkawa, da ƙarti ke sa hular kwano su ture juna su faɗi, su tashi su yi shawara, su sake faɗuwa, ban taɓa zama na kalle ta na minti goma ba. (Nakan ce wa yara ai wannan kokawa ce aka jefa wa ƙwallo a tsakiya don kada 'yan sanda su shigo.)

To sai 'yata ta fari, mai sunan mahaifiyata, wadda muke kira Ummi, ta kawo mini saurayi. Sunansa Jamil, baƙar fatar Amurka ne, musulmi, haifaffen Harlem, tare suke aikin jinya. Yaro mai hankali, har durƙusawa ya koya don ya gaishe ni. Ni dai ya kwanta mini. Matsalar tana wajen mahaifinsa, Malam Yusuf, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Shi a ganinsa mu 'yan Afirka ba ma sakin jiki da su, muna zaune a unguwarsu muna kallonsu a kaikaice. Ya ce ba zai taka ƙafarsa ya zo neman aure gidan da za a raina ɗansa ba, sai ya ga irin mutanen tukuna. Saboda haka ya gayyace mu gidansa ranar da suke kira diraf, wato ranar da kulob-kulob ɗin wannan ƙwallo tasu suke zaɓar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, bi da bi, ana nunawa a talabijin. A gidan Malam Yusuf wannan rana kamar ƙaramar salla ce, dangi duk suna taruwa.

Ummi ta same ni a falo, ta zauna kusa da ni ta sassauta murya. "Baba, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Ka ci abinci, ka yi murmushi. Kada ka ce ka san wasan."

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ni da na iya ciniki da Turanci da Larabci da ɗan guntun Sifaniyanci, a ce in je gidan surukai in zauna kamar buhun gero? Na ce mata to, amma a zuciyata na ɗaura aniyar sai na nuna wa mutumin nan mu ma 'yan gari ne.

Sati uku na yi ina karatu a ɓoye. Na kashe wa'azin da nake saurara a shago na koma tashar wasanni, inda maza ke bugo waya suna ɗaga jijiyar wuya daga safe har yamma. Rabinsu suna cewa lallai kulob ɗin su Malam Yusuf ya ɗauki kwatabak, wato mai jefa ƙwallon, jagoran 'yan wasa. Rabi suna cewa a'a, a ɗauki wani ƙato da zai tsaya a gaba ya tare abokan hamayya. Wani mai sayen turare ya ba ni jimla ɗaya da na haddace kamar karatun allo: "Mene ne amfanin mai jefawa in babu masu kare shi?" Na rubuta a bayan kwalin turare, ina maimaitawa a jirgin ƙasa na layin D safe da yamma.

Abin da na fi ji a rediyon shi ne lamba biyu. Mu ne na biyu, mu ne za mu yi zaɓi na biyu. Na tambayi maƙwabcina Ilu, mutumin Maraɗi mai sayar da agogo da tabarau, wanda ke ce wa ƙwallo balo, kulob kuma ekip, ko ya san ma'anar wannan. Ilu ba ya taɓa cewa bai sani ba (shi ya sa muke shiri, halinmu ɗaya). Ya gyara tsayuwa ya ce, "Elhaji, mi ke da wuya nan? Balo ai balo ne ko'ina. Ekip talatin da biyu ne, ku kun yi na biyu. Wanda ya fi ƙoƙari shi ka fara zaɓe, kamar rabon nama." Na ce to me ya sa masu bugo waya suke ta fushi haka? Ya ce ai 'yan New York ne, ko kofin aka ba su sai sun ce bai da murfi.

Wallahi maganar ta shiga kaina daram. A ƙwallon da na sani, wanda ya zo na ƙarshe kora shi ake yi ya koma ƙaramin rukuni, babu mai ba shi lada. Bai taɓa zuwa mini a rai ba cewa akwai ƙasar da ake yin akasin haka. Sai ma na ga ashe barka ta kama ni. Na sayi goro fari mai kyau, da dabino, da alewa, matata ta yi dambun nama ba tare da ta tambayi dalili ba.

Ranar Alhamis muka isa kafin magariba, muka yi salla tare a falonsu. Malam Yusuf dogo ne, mai furfura a gemu, ba ya yawan dariya. Ya karɓe mu da mutunci amma a tsare. Kowa a gidan yana sanye da rigar kulob ɗinsu, har da wata tsohuwa a keken guragu, in ban da mutum ɗaya, ƙanin matar maigidan, Kawu Bilal, wanda ya sa rigar kulob ɗin da suka fi tsana, yana zaune a kusurwa yana cin kaza yana murmushi.

Aka fara musu tun kafin a fara zaɓen. Jamil yana son a ɗauki mai jefawa, mahaifinsa yana cewa sun ɗauki irinsa sau nawa, ana kawo yaro lafiyayye a mayar da shi gida da sanda. Na ga ƙofar magana ta buɗe mini. Na yi gyaran murya, na ajiye cokali, na ce da Turanci, a hankali kamar yanzu tunanin ya zo mini, "Ni dai tambayata ita ce, mene ne amfanin mai jefawa in babu masu kare shi?"

Malam Yusuf ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko. Ya bugi hannun kujera ya ce, "Kun ji ko? Mutum ya taso tun daga Afirka ya gane abin da shugabannin kulob ɗin nan suka kasa ganewa." Ya matso da kujerarsa kusa da tawa, ya zuba mini lemo da hannunsa. Na saci kallon Ummi, ta zaro ido tana girgiza mini kai a hankali, alamar ya isa haka. Ni kuwa kaina ya riga ya kumbura. Duk wanda ya yi magana sai in gyaɗa kai in ce, "Masu karewa, masu karewa dai."

Aka yi zaɓi na farko, aka zo kan namu. Wani mai kwat ya fito a talabijin ya karanta suna, sai ga shi mai jefawa suka ɗauka. Falon ya kaure. Jamil da sa'o'insa suna tafi, manya suna yi wa talabijin ihu, tsohuwar nan tana buga hannun kekenta. Malam Yusuf ya dafe kansa da hannu biyu kamar an aiko masa da rasuwa. Sai tausayinsa ya kama ni, na ga a matsayina na dattijo kuma sabon amininsa, ni ya kamata in kwantar da hankalin jama'a.

Na miƙe, na gyara babbar riga, na buɗe ƙunshin goro a kan tebur. Don abin ya yi armashi na ce zan yi magana da harshenmu, Ummi ta fassara. Na ce, "Jama'a, mu ji tsoron Allah mu gode masa. Cikin kulob talatin da biyu ku ne na biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga goron barka na kawo. Allah ya maimaita mana irin wannan shekara. Yadda muka zo na biyu bana, Allah ya sa baɗi mu ne na ɗaya, mu za mu fara zaɓe, kuma Allah ya dawwamar da mu a nan."

Ina magana ina ganin fuskar Ummi tana sauyawa. Da na gama ta ce da Turanci, "Babana ya ce Allah ya ba da sa'a."

Aka ce amin, har wasu sun fara miƙa hannu ga goro. Da na zauna a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma ina jin Turanci, kuma na ga an taƙaita mini addu'a mai tsawo zuwa kalma biyar. Na ce, "A'a Ummi, ba haka na ce ba." Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baba, zauna." Na zame hannuna, na ɗaga tafukana sama, na fassara da kaina, kalma bayan kalma, ban bar ko ɗaya ba. Har na ƙara da cewa Allah ya sa jikokinmu su taso su tarar da mu a wannan matsayi.

Na tsaya da hannuwa a sama ina jiran amin. Can daga kusurwa Kawu Bilal ya ajiye ƙashin kazarsa, ya goge hannu, ya ɗaga tafukansa, ya ce da iyakar muryarsa, "Aaamin, ya Rabbi." Ya shafa a fuska har sau biyu.

Jamil ne ya matso ya raɗa mini a kunne, cikin ladabi, cewa a wannan wasa wanda ya fi kowa shan kashi a shekara shi ake bari ya fara zaɓe, don a taimaka masa. Na biyu a zaɓe yana nufin a duk ƙasar kulob ɗaya ne kawai ya fi su lalacewa. Wato na zo gidan mutane da goro ina yi musu barkar shan duka, na kuma roƙa musu ƙari har jikoki.

Ban san yadda ake sauke hannu daga irin wannan addu'a ba, sai na sauke su a hankali na zuba a aljihu. Ban iya kallon Ummi ba. Abin da ke raina shi ne na kashe wa yarinyar nan aure da bakina, mutumin da dama yake zargin muna raina su ga shi na zo har falonsa na yi masa abin da ya yi kama da ba'a.

Malam Yusuf ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Alhaji, gaya mini gaskiya. Ka taɓa kallon wasan nan?"

Na ce ban taɓa ba.

"To maganar masu karewa fa?"

Na ce wani mai sayen turare ne ya ba ni, sati uku ina haddacewa a jirgi. (Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na ba ta tukuici.)

Ya ce, "Sati uku. Saboda me?"

Na ce saboda kada ya ga kamar ba mu damu da abin da ya dame shi ba.

Ya miƙa hannu ya ɗauki goro ɗaya, ya jujjuya shi, ya gatsa. Bai taɓa ci ba, ɗacin ya murtuke masa fuska, amma ya tauna ya haɗiye. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har yana share hawaye, falon gaba ɗaya ya ɗauka. Da ya samu numfashi ya ce, "Shekara arba'in ina bin kulob ɗin nan, ba wanda ya taɓa yi mini barka sai kai." Ya dafa gwiwata ya ce, "Faɗa mini ranar da za mu zo gidanka, da abin da ake kawowa a al'adarku. Ni ma ka ba ni sati uku in haddace."

An ɗaura aure bayan babbar salla. Yanzu duk Lahadin da ake wasa ina gidansa, kuma na fara gane abin da ake faɗuwa a kai. Duk ranar da aka lallasa mu, kuma ana yawan yi, sai ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Kawu Bilal kuwa har yau Malam yake kirana, yana cewa in sa shi a addu'a.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka roƙa wa mutum Allah ya ƙara masa, ka fara tambayarsa mene ne yake da shi. Kuma in 'yarka ta taƙaita maka magana a gaban surukai, ba Hausa ce ta gagare ta ba, ka zauna kawai.