Shishar da Liman Bai Sha Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Malam Habu wani asibiti a Ainu Shams ba. Aminina ne tun ƙuruciya, limamin unguwarsu, ya zo Alƙahira da matarsa Hajiya Rabi neman maganin wani tari da ya ƙi barinsa. Ni ne tafinta. Na yi wannan aiki a Khartum da Jidda, na yi shi da Faransanci a Yamai, don haka da taƙama na shiga.

Abin da na ɓoye wa kowa shi ne kunnena ya fara gajiya. Ba kurmancewa na yi ba. In mutum ɗaya ke magana, ina jinsa sarai. Amma da zarar murya biyu sun haɗu, sai kunnen ya bi wadda ta fi ƙarfi, ba wadda na aike shi ba. ('Yata ta saya mini na'urar ji, na jefa ta aljihun tebur, wai kada a ce na tsufa.)

Labule ne kawai tsakaninmu da ɗakin da ke kusa. Likitanmu na sanye da takunkumi, ya sunkuya kan hoton ƙirjin Malam. Sai na ji ana faɗa da Larabcin Masar. Na gyara zama.

"Malam, likita ya ce shisha ta cinye maka huhu. In ba ka daina zaman gidan gahawa ba, khalas, taka ta ƙare."

Hajiya ta juyo a hankali. "Malam, ashe fitar la'asar ɗin nan ba masallaci kake zuwa ba?"

"Alhaji, don Allah sake tambayarsa," in ji Malam.

Na ce, "Shekara arba'in ina tafinta, ban taɓa ƙara wa likita magana ba."

Nan likitan ya ɗago, ya sauke takunkumi. "Ya Hajj, me kake gaya musu? Ni ban ce komai ba tukuna."

A bayan labule kuwa, wani likitan na ci gaba da zazzaga wa mara lafiyarsa masifa kan shisha.

Tarin Malam sanyi ne kawai. A tasi Hajiya ta nemi gafararsa, ya ce, "Ba ke ba ce," yana kallon ƙeyata.

Tun ranar nake sa na'urar, kuma kafin in fassara sai na tabbatar daga bakin wa maganar ta fito. Malam ya yafe mini. Amma da suka koma ganin likita, jaka ya ba ni in riƙe a waje.