Cikin da Ya Girmi 'Ya'yana

Ba zan taɓa mantawa da ranar awon nan ba, ko da na so. Ina da shekara arba'in da bakwai al'adata ta ɗauke, sai kuma na ji wani ɗan tudu ƙasan cibiyata. Na haɗa biyun na yanke hukunci: ciki ne. Haihuwa bakwai na yi, wa zai koya mini?

Abin kunyar, ɗiyata Hadiza ma tana da ciki wata biyar. Na ce zan ɓoye, amma na raɗa wa mace ɗaya a ajinmu na yaƙi da jahilci a Warra (ɗaya tak, wallahi). Kafin la'asar har masu bandar kifi na yi mini sannu da jiki. Na daina daka, na daina ɗaukar tulu. Maigidana Malam kuwa ya dinga tafiya yana buɗa kafaɗa, kullum sai ya shiga kwalekwale neman mini kifin nan ragon ruwa, wai kwaɗayin mai ciki.

Da wurin ya fara zafi, na bi Hadiza asibiti a Yelwa, na zauna layin awo cikin sa'o'in 'ya'yana ina jan mayafi. Likita ya shafa mini man nan mai sanyi, ya daɗe yana kallon na'ura, sannan ya nemi izinina ya kira ɗalibai uku. Na ɗauka tagwaye ne. Cikin sanyin murya, gaban Hadiza, na tambaya ko maza ne ko mata.

"Inna," in ji shi, "wannan abin ya girmi duk 'ya'yanki. Tare aka haife ku."

Ya bayyana mini cewa jariri a ciki yana da 'yar hanya daga cibiya zuwa mafitsara, wadda ke toshewa kafin haihuwa. Tawa ba ta gama toshewa ba, ta tara ruwa ta zama jaka. Ba kasafai ake ganinta ga manya ba, kuma aiki za a yi a cire. Al'adar kuwa, girma ne kawai ya zo.

Hadiza ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa har muka hau mota.

An yi aiki lafiya. Matan aji suka zo dubiya, babu wadda ta iya haɗa ido da ni, sai tsohuwar cikinsu ta tambaya a hankali wane suna aka raɗa wa jakar.

Tun daga ranar, ko kaina ke ciwo, likita ke riga maƙwabta ji.