Muryar Aro a Kantin Magani

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya ja mini abin kunya a kantin maganin da nake aiki a Deptford, wata unguwa a ƙasar Turawa.

Muna yara a Kaduna, akwai wani fim ɗin Meziko mai dogon zango da mahaifiyarmu, Hajiya, ba ta yarda ya wuce ta. Jarumin fim ɗin kuwa ɗan gida ta mayar da shi, har addu'a take yi masa in ya shiga matsala. An juya fim ɗin zuwa Turanci, baki na tafiya daban magana daban, don haka ni da wayona na yanke hukunci tun lokacin cewa mutumin nan ko "zo" bai sani ba da Turanci.

Ranar wata Talata ina kantin sai ga jarumin nan a gabana, ya miƙo takardar likita bai ce uffan ba. Murna ta kama ni. Abu ɗaya nake so, hoto da shi in tura wa Hajiya.

Na ɗaga waya ina nuna shi, ina nuna kaina, ina ɗaga murya kamar mai magana da kurma (wai a tunanina ƙarar ce za ta fassara). Sannan na juya wajen Funmi abokiyar aikina, wadda ba ta jin Hausa, na zuba da Turanci:

"Kin ga yadda ya tsufa? Ga sanƙo, ga tumbi, ashe ma gajere ne! Dama muryar ce ke da daɗi, ita ma aro ce, wani Bature ne ya yi masa."

Sai ya yi gyaran murya. Da Turanci tsantsa, da muryar nan da na sani tun ina firamare, ya ce, "Sanƙo da tumbi na yarda, nawa ne. Amma muryar ma tawa ce. A bakin iyakar Amurka na tashi, ni nake juya finafinaina da kaina."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Funmi ta durƙushe bayan kanta tana dariya, ni kuwa na ce shi ke nan, hoton Hajiya ya sha ruwa. Amma bawan Allahn nan ya karɓi wayata, ya sa na koya masa "Sannu Hajiya", ya maimaita sau uku, ya ɗauki bidiyo yana ɗaga hannu.

Da na tura wa Hajiya bidiyon, sai ta kira ni tana ta murna. "Allah sarki, ɗan albarka! Ina fatan kin karɓe shi da mutunci, ba ki ba ni kunya ba?"

Na ce, "Sosai ma, Hajiya."

Tun daga ranar na daina gulma da Turanci. Da Hausar ma sai na waiga hagu da dama, don a Deptford ba ka san wanda ya taɓa zama a Kano ba.