Gaisuwar da Na Yi a Kan Keke

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Lahadi ba, kuma ko na so in manta, mutanen Saulawa ba za su bar ni ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Ikara, shekaruna sun haura talatin, ba mata, sai tumbi. Likita ya ce in riƙa motsa jiki. Mai hankali da sai ya fara zagaya filin makaranta da ƙafa. Ni kuwa, da yake na fi kowa wayewa, sai na garzaya Zariya na sayo keken tsere na gwanjo, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Mai shagon ya haɗa mini da hular kwano, da wani matsattsen wando (Allah ya yafe mini), da takalma masu wani ƙarfe a ƙasa da ke maƙalewa a jikin feda. Ya ce idan zan sauka sai in murɗa diddige waje, ƙafa ta fito. Na gwada sau biyu a ɗaki ina dafe da bango, na ba kaina satifiket.

To, akwai Rakiya, malamar asibiti da nake nema da aure. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar tana hannun ƙanensa, Baffa Sule, a Saulawa. An sa mini Asabar in je gaisuwa. Rakiya ta nuna mini hotonsa a waya, ta ja mini kunne.

"Malam, Baffa ba ruwansa da albashinka. Ladabi yake dubawa. Wanda ya nemi yayata, a kan babur ya gaishe shi bai sauka ba, shi ke nan maganar ta mutu."

Na yi dariya. Ni da nake koyar da tarbiyya za a koya wa gaisuwa?

Ranar Lahadin sai na ce bari in je in ga hanyar Saulawa. (Ƙarya nake. So nake wani ya gan ni ya kai wa Rakiya labarin saurayinta ɗan wasanni ne.) Na sa kayan nan, na taka feda na ji ƙas, ƙas, na kama hanya. Hanya ce shiru, ba mota, sai jefi-jefi mai babur ko amalanken shanu. Dawa ta yi kai hagu da dama, ga duwatsu can gefe, hawa da gangara sai ka ce da gangan aka jera su don a hukunta mai tumbi. A wani hawa wani tsoho ya wuce ni a kan tsohon kekensa da damin rake a baya, har ya waiwayo ya ce mini sannu. Na gaya wa kaina ai shi ba don lafiya yake yi ba.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, tunda na bar gida babu abin da ya tsayar da ni, don haka ban cire ƙafa ko sau ɗaya ba.

Gangara ta ƙarshe ita ta zubo ni cikin gari. A bakin hanya akwai wata ƙatuwar ceɗiya, dattawa shida sun baje tabarmi a ƙarƙashinta. A tsakiyarsu ga farin gemun da na gani a waya. Baffa Sule ne. Na ja birki, na murɗa diddige. Shiru. Na sake murɗawa. Takalmin nan ya ce shi da feda mutu-ka-raba.

Mai karatu, duba lissafin da ke gabana. In na wuce, na zama marar kunyar da bai gaida manya ba. In na gaishe su a kan keke, na bi sahun mai babur. In na tsaya, na faɗi. Sai basirar malamin makaranta ta motsa: na karya kan keken na fara zagaya ceɗiyar, ina murɗa ƙafa, da niyyar kafin in dawo ta fito.

"Salamu alaikum!" na ce, na shige bayan bishiya.

Kafin su gama amsawa na sake ɓullowa. "Ina kwananku, Baba?"

"Lafiya lau," in ji su, suna bi na da ido.

Ka san gaisuwar manya ba ta gajarta. Zagaye na uku na tambayi gajiya. Na huɗu na tambayi iyali. A na biyar wani dattijo ya ce, "Samari, lafiya kuwa? Ko Makka aka hana ka zuwa ka zo nan ɗawafi?"

A na shida numfashina ya ƙare. Keken ya tsaya cak daidai gaban Baffa Sule, ya yi ɗan tunani, sannan muka kwanta tare a hankali, kamar buhun masara da aka jingina ba daidai ba. Ina ƙasa, ƙafafuna na sama manne da feda, taya na juyawa, na buɗe baki na ce, "Ya damina, Baba?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Mutum biyu suka kasa raba takalmin da keken, sai dai ni suka zare daga cikin takalmin. Na tsuguna da safa. Wani ya kalli wandona, ya yi salati, ya miƙo mini buhun da yake zaune a kai in rufa. Baffa bai yi dariya ba. Ya tura mini silifas ɗinsa ya ce, "Ɗan nan, daga ina?"

"Daga Makarfi," na ce. (Mai koyar da tarbiyya ke nan.)

Haka na tura keke har Ikara, takalman na lilo a jikin feda. Kwana shida ban iya cin abinci sosai ba, abin da likita ya kasa sa ni. Ban gaya wa Rakiya ba. Na riƙa lallashin kaina cewa hular kwano ta rufe mini fuska.

Asabar na sha babbar riga, muka je da abokaina biyu. Tun daga nesa na sa aka tsayar da mota, na taka da ƙafa, na durƙusa har ƙasa. Baffa ya amsa gaisuwa tiryan-tiryan, sannan ya ce:

"Malam, ya mutanen Makarfi? Ka zo mini da silifas ɗina?"

Zaure ya ɗauki dariya. Na sunkuyar da kai, na ce a raina Rakiya ta tafi.

"Wancan mai babur ya ƙi sauka," in ji Baffa. "Wannan kuwa sai da ya sauko har da keken, yana ƙasa yana tambayar damina. Ku je ku turo manyanku."

Yau 'ya'yanmu biyu. Har yanzu ina hawa keke, amma da silifas, kuma a Saulawa ko limami Mai Ɗawafi yake ce mini. Darasin da na ɗauka, wanda ba ya cikin manhajar da nake koyarwa, shi ne duk abin da za ka hau, fara tambayar yadda ake sauka.