Ranar da Na Kai Ƙarar Zalika Wajen Uwarta

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar Zalika gidansu ba. Shekarata ta farko ke nan ina mushe, wato malamin boko, ina koyar da wasanni a wata kwaleji a Gaya, ga ƙuruciya ga ji da kai. Ina da usur, ina da agogon auna gudu, ina da kaye, wato littafin rubuta sakamako, kuma a ganina babu sauran abin da ban sani ba.

Zalika ce ta fi duk 'yan mata gudu a mita ɗari takwas. Gurbi ɗaya aka ba mu a gasar makarantu da za a yi a Dosso, kowa kuma ya san nata ne. Sai dai kowane wata akwai 'yan kwanakin da take komawa wata daban. Ƙafa ta yi nauyi, numfashi ya gaza, wani lokaci ta tsaya ta dafe ciki, ni kuwa in ce fura ta cika sha.

Sai na lura da abu na biyu. In muka tsaya sallar la'asar a bakin fili, a waɗannan kwanakin dai Zalika ba ta yin alwala, sai ta zauna gindin bishiya wai tana gadin takalma. Wata huɗu ina sa alama da jan biro, sannan na yanke hukunci: yarinya tana wasa da salla, Allah yana cire albarka daga ƙafafunta.

(Kafin ku ce wannan wane irin dolo ne: mu takwas uwarmu ta haifa a Tanda, duk maza. Babin haila na karance shi wajen malam, na kuma ci jarrabawarsa a lakwal, makarantar boko. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ke cikin littafi yana iya biyo ni har filin gudu ba.)

Gwajin ƙarshe ya faɗo cikin kwanakin, ta zo ta uku. Na ce mata ta cire rai da Dosso, ta je ta gyara ibadarta. Ta sunkuyar da kai ta wuce. Washegari na ɗauki kaye na nufi gidansu, don in sauke nauyi.

Aka yi mini iso. Na tarar da uwarta, Inna Hajo, da maƙwabta biyu suna shanya shinkafar da suka turara. Zalika ta kawo mini ruwa. Bayan gaisuwa na buɗe kaye na gyara murya.

"Inna, ɗiyarku tana wasa da salla. Ga shaida a rubuce. Kowane wata, kwana biyar ko shida ba ta kai goshi ƙasa, kuma a kwanakin nan ne gudunta ke lalacewa."

Zalika ta ajiye kwanon ruwa ta shige ɗaki. Maƙwabciya ɗaya ta toshe baki da gyale, ɗayar ta tuna da tukunyar da ba ta ɗora ba.

"Mushe, kana da iyali?" in ji Inna Hajo.

"Tukuna, Inna."

"Ƙanne mata hwa?"

"Babu."

"To. Kowane wata ka ce? Kwana biyar ko shida?"

Ta bar ni da maganar ta ci gaba da baza shinkafa. A nan karatun malam ya dawo mini gaba ɗaya. Zufa ta keto mini, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, da ni da kayen.

Baiwar Allah ba ta yi dariya ba, har gobe ina gode mata. Ta dubi maƙwabtan ta ce duk wadda ta fitar da maganar, ɗiyarta ta tona wa asiri, don Zalika tasu ce su duka. Sannan ta juyo gare ni.

"Kayenka bai yi ƙarya ba, mai karatun ne ya kauce. Mata iri-iri muke. Ni da nawa nike ƙetara gada in tahi kasuwa da kaya a ka. Ita wagga mara ke murɗa mata, kuma jinin da yawa yake zuwa. Kunya ta hana ta hwaɗa maka." Ta lissafa da yatsu, ta ce ranar Dosso za ta same ta da tsarki. "Sake gwada ta in ta yi wanka."

Na sake gwada ta bayan mako guda, ta bar na bayanta da nisa. Uwar ta kai ta asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta magani. Ni kuma na roƙi wata madam da ke koyar da kimiyya ta riƙa jin ta bakin 'yan matan, ina sassauta atisaye ga mai bukata. A Dosso Zalika ta zo ta biyu.

A mota muna dawowa na ba ta haƙuri. Idonta na kan taga ta ce, "Ba komai, Mushe. Amma da Madam ka hwara tambaya, da ba ka sha rana har gidanmu ba."

Abin da na koya ke nan: in kai namiji ka gano wani abu game da mata wanda duk matan gari suka kasa ganowa, kada ka yi saurin sa takalmi. Nemi dattijuwa ɗaya ka gaya mata tukuna, a keɓe, da ƙaramar murya.